Kada a Zaunar da Baba: Shawarwari ga Gidajen Kaduna Masu Dattawa

Kaduna gari ne na 'yan fansho. Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan a 1917, garin ya zama wurin zuwa aiki: akawu, malamin makaranta, soja, ma'aikacin jirgin ƙasa, ma'aikacin masaƙa, ɗan jarida. Da yawa sun zo da niyyar in an yi ritaya a koma gida, sai ritayar ta same su da gidan kansu a Unguwar Rimi ko Malali ko Kawo ko Badarawa, ga 'ya'ya haifaffun Kaduna, zama ya ɗore. Su ne dattawan unguwa a yau. 'Ya'yan kuwa wani na Abuja, wata na aure a Kano, wani Legas ta riƙe shi. A gida sai auta, ko suruka, ko jika.

Ba mu da al'adar kai iyaye gidan tsofaffi, ban kuma ga dalilin da zai sa mu koye ta ba. Amma muna da namu kuskuren, wanda ladabi ne ya haife shi. Da zarar dattijo ya fara jan ƙafa sai gida ya taru a zaunar da shi. "Baba, zauna a kawo maka." "Hajiya, bari, yara za su yi." A ɗebo masa ruwan alwala, a karɓe mata tsintsiya, a hana shi fita sallar asuba. Kafin shekara ta zagayo, ƙafar da ake tattali ta mutu saboda zama. Abin da ya fi shi ne a gyara gidan da tsarinsa, yadda mai shekaru zai ci gaba da yi wa kansa duk abin da yake iyawa.

1. A fara da banɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu a jerin haɗurran da ke kashe mutane a duniya, bayan haɗarin mota, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi rasa rai ta wannan hanya. Ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3 na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a kowace shekara. A gidajenmu, wurin da na fi tsoro shi ne wurin da kunya ta hana kowa ya raka tsoho ciki.

Yaro in ya samu kuɗi, alherin farko da yake wa iyaye shi ne ya malala wa gida tayil mai sheƙi har banɗaki. Niyya ta yi kyau, amma tayil mai santsi da ruwan sabulu su ne ke karya ƙugu. In za a sa, a zaɓi mai kaushi. In an riga an sa, a shimfiɗa tabarmar roba mai huji-huji wadda ba ta zamewa. Tsohon banɗakin siminti shi kuma gansakuka ce matsalarsa, musamman da damina. A riƙa dirje shi da burushi duk mako.

A kira mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe, birkila ya binne shi a cikin bango, ɗaya a gefen masai, ɗaya a wurin wanka, daidai tsayin ƙugun mai shi. Kan famfo da ƙarfen rataye tawul ba sa ɗaukar nauyin mutum. Masai na tsuguno yana gagarar mai ciwon gwiwa, kuma tashi ya fi tsugunawar wuya. Ana sayar da kujera mai huji a shagunan kayan asibiti, kafinta ma yana iya yi. A ajiye kujerar roba mai ƙwari don wanka. Alwala kuwa a zaune. Ɗaga ƙafa ɗaya a wanke ta a tsaye, a kan jiƙaƙƙen daɓe, da buta a hannu, shi ne abu mafi haɗari da dattijo ke yi sau biyar a rana.

Sai ƙofa. A cire sakatar da ba a iya buɗewa daga waje. In da hali a juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje, domin wanda ya faɗi a ciki jikinsa ne ke tokare ta.

2. A share hanyar dare.

Mai shekaru yana tashi fitsari cikin dare, kuma kowa ya san halin wutar lantarki. A sa fitila mai caji ko ƙaramar sola a hanyar da ke tsakanin gado da banɗaki, a bar ta kunne har asuba, tocila kuma ta kwana kusa da filo. Kafin a kwanta, wani ya bi hanyar ya kwashe buta da wayar caji da takalman jikoki da dardumar da ta naɗe baki. A shafa farin fenti a dokin ƙofa da bakin matakala.

Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi. Gado mafi dacewa shi ne wanda in an zauna a bakinsa tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai. A koya masa ya zauna minti guda kafin ya miƙe, saboda jini kan sauka in an tashi farat ɗaya, jiri ya kwashi mutum, musamman mai shan maganin hawan jini. In banɗakin na can ƙarshen tsakar gida ne, fo ko bokiti mai murfi a ɗaki ba abin kunya ba ne. Dattijon da fitsari ke fita masa da ƙyar, ko yake tashi sau da yawa, ya ga likita. Sau da yawa kumburin furostet ne, kuma yana da magani.

3. Kada a karɓe masa aikinsa.

Ƙarfin ƙafar tsoho yana zubewa da sauri in ya daina amfani da ita, kuma dawo da shi aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da atisayen da ke ƙarfafa tsayuwa kwana 3 a mako ga masu shekara 65 zuwa sama. Dattijon da ke takawa masallaci sau biyar ya kusa cika wannan lissafi ba tare da ya sani ba. Don haka maimakon a hana shi asuba da isha'i, a haɗa shi da jika mai tocila. In sujada ta gagara, a kai masa kujera masallaci. Rangwamen yin sallah a zaune sananne ne, liman zai yi bayani.

Iyaye mata sun fi shiga wannan tarko, domin su ba su da masallacin da zai fitar da su sau biyar. A bar wa Hajiya shararta in tana so, da tsince shinkafa, da gyaran zogale, da islamiyyarta, da zuwa barka da gaisuwa. A gida kuma akwai atisaye biyu da ba sa cin ko kwabo: tashi da zama daga kujera sau 10 ba tare da dafa hannu ba, da ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu ana riƙe da bayan kujera. Wanda yake kusa da Dandalin Murtala kuma yana da mai raka shi, da safe wurin cike yake da masu tattaki, har da sa'o'insa.

Tsallaka titi ne kawai zan ce kada a bar shi shi kaɗai. Tun da aka fara sabunta birnin a 2019, manyan hanyoyi sun faɗaɗa, motoci sun ƙara gudu, kuma wanda ya saba tsallaka titin Ali Akilu shekara 30 da suka wuce yana lissafi ne da ƙafarsa ta wancan lokaci.

Sanda a yanke ta daidai: in ya tsaya ya saki hannu, kanta ya zo daidai wuyan hannunsa. A sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke kishiyar ƙafa mai ciwo. Silifas ɗin da ya suɗe a jefar, a sayi takalmi mai kama dunduniya. Zane ko wando mai jan ƙasa a rage shi.

Aiki kuma ba na ƙafa ne kaɗai ba. A bar wa Baba kuɗin cefane a hannunsa ko da 'ya'ya ne suka turo, a bar wa Inna mabuɗin sito, a nemi shawararsu kafin a yanke magana. Dattijon da ya ga gida na tafiya ba tare da an tambaye shi komai ba yakan shige ɗaki, kuma fito da shi sai an sha wuya.

4. In an faɗi, kada a yi saurin ɗagawa.

A tambaye shi inda ke ciwo. In ya kasa taka ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, mai yiwuwa ƙugu ne ya karye. A lulluɓe shi, a nemo mutane a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko bargo mai ƙarfi, a nufi babban asibiti kamar na Barau Dikko da ke titin Lafiya, ko asibitin sojoji na 44. A fara ɗaukar hoto kafin kowa ya ambaci mai ɗori. Karayar ƙugu tana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa, galibi sai an yi aiki, kuma doguwar kwanciya ita ce ke jawo gyambo da ciwon huhu.

In kai ne ya bugu, a sa ido kwanaki har makonni. Amai, yawan barci, ciwon kai mai ƙaruwa ko sauyin magana duk na nufin a tafi asibiti nan take. Ko bai ji ciwo ba, a gaya wa likita cewa ya faɗi, domin faɗuwa tana da dalili: ido, ko magani, ko jini, ko suga.

5. Duk magunguna su shiga jaka ɗaya.

A ɗakin dattijo za ka samu maganin asibiti, da na kemis, da wanda ɗa ya aiko daga Abuja, da wanda aka tsarabo daga Saudiyya, da jarkar tsimi a ƙarƙashin gado. Likita bai san da rabinsu ba. Duk ranar zuwa asibiti a tattara su kaf, har na gargajiya, a zube a gabansa ko gaban mai harhaɗa magunguna, ya ce wanne za a ci gaba, wanne za a zubar. Ba sabon abu ba ne a samu mutum yana shan magani ɗaya sau biyu domin kamfanoni biyu sun sa masa suna daban.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin ciwon jiki, wato ƙwayoyi kala-kala da ake ƙullawa a leda ba suna ba kwali. A ciki akan samu dikilofenak ko ibufurofen, waɗanda in aka daɗe ana sha suna cin ƙoda, suna fasa gyambon ciki, suna ta da hawan jini. Wani lokaci har da deksametazon, mai sa mutum ya ji garau kwana biyu yana kuwa ta da suga yana lalata ƙashi. Ga ciwon gwiwa na yau da kullum, farasitamol a ƙa'idarsa ya fi sauƙin haɗari, sauran sai da izinin likita. Maganin barci da wasu magungunan mura masu sa gyangyaɗi suna cikin manyan masu kayar da tsofaffi. Maganin da ake talla da lasifika a bakin kasuwa, wanda ke warkar da suga da basir da sanyin ƙashi duk a kwalba ɗaya, a bar shi a inda aka gan shi.

Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin magani. A sayi ɗan akwatin roba mai gida bakwai a riƙa cikawa ranar Juma'a, a ɗaura lokacin sha da sallah: na bayan asuba, na bayan magariba. Shi dattijon ya riƙa ɗauka da hannunsa muddin yana iyawa. Mai kula ya duba akwatin kawai.

6. A mallaki na'urar awon jini, a kuma san alamun shanyewar ɓarin jiki.

Hawan jini ba ya sallama. A sayi na'ura mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, a zauna a huta minti 5 kafin awo, a rubuta sakamako da kwanan wata a littafi. In yana yawan kaiwa 140/90 ko sama, a kai littafin wurin likita. Wanda ba shi da na'ura, jihar Kaduna na da mazaɓu 255 kuma an tsara kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko. Awon jini a can ba ya ɗaukar lokaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina magani don an ji sauƙi. Sauƙin aikin maganin ne, in an ajiye shi jinin zai koma inda yake.

Alamu uku kowa a gida ya haddace su, har yara: baki ya karkace, hannu ko ƙafar gefe ɗaya ta saki, magana ta sarƙe. Ko ɗaya aka gani, ko da ta wuce bayan 'yan mintoci, a duba agogo a tafi babban asibiti. Kada a ba shi ruwa ko abinci ko rubutu, domin haɗiya kan lalace ya shaƙe. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai, domin wani nau'in jijiya ce ta fashe. Addu'a da tofi a yi su a cikin mota.

7. Tuwo kaɗai ba ya riƙe tsoho.

In haƙora sun zube, abinci kan koma kunu da shayi da tuwo mai ruwan miya, jiki ya yi ta zaizayewa. Kowace rana a tabbatar akwai mai gina jiki: wake da ya dahu luguf, alale, ƙwai, kifi, kindirmo, nama niƙaƙƙe. Ganye ba ya wuya a Kaduna, ga zogale ga rama ga alayyafo. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali guda ke nan, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna cike gurbin. Masu suga sun yarda da acca ƙwarai, kuma abinci ce mai kyau, amma ita ma hatsi ce. Malmala uku na tuwon acca za su ta da suga.

Jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun yawan zagayawa. A ajiye gorar ruwa kusa da shi, a sha kofi bayan kowace sallah, a rage da dare. Fitsari in ya yi ja sosai, ruwa ya yi kaɗan. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, ya bi maganar likita. In riga ta fara yi masa yawa ba dalili, a kai shi a duba. Kuma kada a riƙa tura masa kwano ɗaki ya ci shi kaɗai. Tsoho ya fi cin abinci in da hannu biyu a akushi.

Azumin 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, lokacin da zafi ke kankama. Mai suga ko ciwon ƙoda ya ga likita tun watan Sha'aban a gyara masa lokutan magani, musamman mai allurar insulin ko ƙwayoyi irin su Daonil masu iya kayar da suga. In awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko gumi da karkarwa suka zo, a karya. Dattawa ba sa karɓar wannan magana daga bakin 'ya'yansu, don haka a roƙi malamin da suke girmamawa ya faɗa musu hukuncin wanda azumi ke cutarwa.

8. A duba ƙafar mai suga kullum.

Ciwon suga na kashe jijiyar ji, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Wani ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, a tsane su bayan alwala, a shafa man kaɗe a dunduniya saboda faso. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, ba yankan farce da reza a wurin masu yawo, ba gasa ƙafa a bakin wuta. Ƙaramin rauni in ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, asibiti.

9. Ido da kunne: muna da asibitocinsu a gari.

Mutane na tasowa daga jihohi masu nisa don zuwa Asibitin Ido na Ƙasa da ke wajen Mando, mu kuwa kuɗin Keke ne tsakaninmu da shi, amma sai ka ji ana cewa "ai tsufa ne". Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan Nijeriya, hawan jinin ido na biye. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, gani ya dawo. Hawan jinin ido shi kuwa yana cin gani a ɓoye daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, shi ya sa awo sau ɗaya a shekara ya zama dole, balle in akwai shi a dangi ko akwai suga. Masu yawo suna soke ido su ture yanar ciki, a guje su. Idanu da yawa sun mutu a hannunsu.

Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ma a nan take, kusa da titin Independence, tun 1999. Wani kurumcin dauɗa ce kawai ta toshe, a wanke a ji garau. Wani kuma na'urar ji yake so. Kafin nan, a daina yi wa dattijo ihu daga bayansa. A fuskance shi, a yi magana a hankali, a rage ƙarar talabijin.

10. Kowane yanayi da nasa haɗarin.

Da hunturu, kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗaki a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareto ma haka, a waje nesa da taga, ba a baranda ko zaure ba. Ruwan wanka da na alwalar asuba a ɗumama, mai shi ya sa safa da hula, mai asma ya rufe hanci in ƙura ta sauko.

Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano ba silin ba wurin zaman tsoho ba ne da rana. A fito da shi inuwa, a jiƙa tawul a ɗora a wuya. In jiki ya yi zafi, fata ta bushe, ya fara sambatu, a jiƙa shi da ruwa a tafi asibiti.

Da damina, gidan sauro. Waɗanda ke kusa da kogi kuwa, irin su Kabala Costain da titin Kigo da Rafin Guza da gangaren Unguwar Rimi, sun ga abin da ruwa ya yi a 2003 da 2012. Daga Agusta zuwa Satumba a haɗa jaka guda mai magunguna da katin asibiti da takardun fansho da na gida cikin leda. In an yi gargaɗi, dattijo ne farkon wanda za a kai gidan 'yan'uwa a kan tudu, da rana, tun ƙasa na bushe. Zai ƙi. A fara maganar tun watan Yuli.

11. Kuɗinsa nasa ne, a tsare masa su.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa dattawa da yawa miƙa katin banki da lambar sirri ga duk yaron da ke kusa, kuma al'adar ta zauna. A zauna da shi a canza lambar. A nanata masa cewa banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, komai daɗin bakin mai kiran, ko da ya ce za a rufe BVN yau. Amsa ɗaya ce: "Zan je banki da kaina." A tsayar da mai POS ɗaya da aka sani a unguwa. Saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayarsa, kuma in ya yarda, 'ya'ya biyu su riƙa ganin lissafin, ba ɗaya ba. Magana ce mai nauyi, amma wani ɓeran a cikin gida yake.

'Yan fanshon tarayya na tsohon tsari da ke ƙarƙashin hukumar PTAD, tun 2023 ana tabbatar da suna raye ta intanet, da hoton fuska ko zanen yatsa. Jika mai waya ya taimaka a yi a kan lokaci don kada fansho ya tsaya. A kuma je ofishin KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya da jihar ta kafa a 2018, a tambayi tsarin da ya dace da wanda ba ya aikin gwamnati da abin da yake ɗauka. Takardun gida, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da wasiyya, a rubuta su da shaidu tun yana cikin hayyacinsa, da bakinsa.

12. A bambanta ruɗewar kwana ɗaya da mantuwar shekaru.

Dattijon da jiya lafiya lau, yau bai san inda yake ba, ba gigin tsufa ke damunsa ba. Galibi wani ciwo ne a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa, ko sabon magani. Tsofaffi kan yi ciwo mai tsanani ba tare da jiki ya yi zafi ba. A kai shi asibiti a ranar. In an magance dalilin, hankali kan dawo.

Mantuwar da ke tafiya sannu a hankali, ana maimaita tambaya, ana ɓata a hanyar da aka sani, ana zargin mutane da sata, wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba maita ba ce, ba kuma asiri aka yi ba, kuma ya kamata a faɗi haka da ƙarfi, domin tsohuwar da ta ɓata a titi tana sambatu tana iya faɗawa hannun jahilai. A ɗinka ɗan ƙyalle mai suna da unguwa da lambar waya a cikin riga ko hijabi. A sanar da mai unguwa da liman da masu shagon layi. A kawar da ashana da magunguna, a rufe tukunyar gas daga tushe. Kada a yi musu da ita. In ta ce mijinta da ya rasu yana hanya, a tambaye ta labarinsa, a ja hirar wani wuri. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa, gada kawai za a haye, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Likitocin can ne kuma za su duba wanda ya daina ci da hira bayan rasuwar abokin zama, domin baƙin ciki mai nauyi yakan yi kama da mantuwa, kuma shi yana jin magani.

13. A kula da mai kula.

A yawancin gidaje mace ɗaya ce ke ɗauke da komai, suruka ko 'yar da ke kusa, ga 'ya'yanta ga girki, sauran kuma sai waya: "Ya jikin Baba?" 'Ya'ya su zauna su raba nauyin da sunaye: wane kuɗin magani, wane kai asibiti, wance kwanan Asabar da Lahadi don mai jinya ta je gidansu ta yi barci. Na nesa ya biya mai taimako. Jinyar uba namiji, wanka da kai banɗaki, 'ya'ya maza su karɓa. Shi ma ya fi sakewa da su.

In ta kai ga kwanciya, a riƙa juya shi duk awa 2, a duba ƙugu da gindin baya da dunduniya. Jan da bai gushe ba bayan an juya, farkon gyambo ne. Shimfiɗa ta zama busasshiya ba ƙudundune, a zaunar da shi sosai lokacin cin abinci, a bar shi ya riƙe cokalinsa ko da zai ɓata riga.

Sannan a ɗauki takarda guda a rubuta da manyan baƙaƙe: cututtukansa, magungunansa da adadinsu, maganin da jikinsa ba ya so, lambar katin asibiti, lambobin 'ya'ya biyu, da lambar maƙwabci mai mota ko mai Keken layi da ya yarda a tashe shi ƙarfe biyun dare. A manna ɗaya a bayan ƙofar ɗakinsa, ɗaya ta shiga jakar magani, a ɗauki hotonta a tura wa kowa a WhatsApp na iyali. Duk lokacin da likita ya canza magani, a cire tsohuwar a rubuta sabuwa da kwanan wata.